Tambaya ta Tara a Fom ɗin Tallafi

A duniyar nan babu wani aikin alheri da ya taɓa mutuwa saboda rashin kuɗi. Kuɗi na nan jibge a hannun masu tausayi, har sun rasa wanda za su bai wa. Abin da ke kashe aikin alheri shi ne rashin iya cika fom. Wannan ita ce aƙidar Darakta, ya kuma faɗe ta a taro uku, sau biyu ma har an tafa masa.

Injiniya ba ta taɓa musa masa ba, domin ƙanin mahaifiyarta ne. A gaban baƙi tana ce masa Darakta, in sun rage su biyu ta ce Kawu, in ranta ya ɓaci kuwa ba ta ce masa komai. A watan da wannan abu ya faru, yawanci ba ta ce masa komai.

Ƙungiyar tasu ɗaki biyu ce a saman wani shagon sayar da tayoyi. Ɗakin gaba na Darakta ne, da tebur da kujera mai juyawa da takardun shaidar halartar taro goma sha huɗu a bango, kowacce cikin gilashinta. Ɗakin baya asalinsa ma'ajiya ce, kuma a nan Tsohuwa take. Tsohuwa kwamfuta ce da Injiniya ta harhaɗa shekara bakwai da suka wuce daga gawarwakin wasu kwamfutoci uku da wani ofis ya zubar, a shekarar da ƙaninta ya cika a kan bencin asibiti ana jiran a samo masa jini leda biyu.

Aikin Tsohuwa ɗaya ne tak. In an ce wa mutum a asibiti ya je ya nemo jini, sai ya kira wata lamba da aka rubuta da jan fenti a bangon ɗakin ajiyar jini, ya danna rukunin da ake so. Ita kuma ta duba rajistar mutum dubu huɗu da suka yarda su bayar kyauta, ta zaɓo na kusa waɗanda ba su bayar kwanan nan ba, ta tura musu saƙo. Kafin awa guda sai a ga wani a ƙofa yana naɗe hannun riga. Shi ke nan. Babu abin ɗauka a hoto. Abin ado ɗaya da take da shi wata riga ce ta kare ƙura, shuɗiya mai farin baki, wadda wani tela ya ɗinka mata kyauta. 'Yarsa ta ƙarshe tana da sikila, duk bayan wata biyu ko uku sai an yi mata ƙarin jini, kuma tun tana shekara biyu Tsohuwa ce ke nemo mata. A wayar Injiniya sunansa Baban Auta.

To, Tsohuwa ta kama hanyar mutuwa. Faifan ajiyarta ya fara ƙara kamar ana tauna tsakuwa. Batura biyu cikin huɗu sun kumbura. Kamfanin da ke tura musu saƙonni ya aiko da wasiƙa mai ladabi cewa rangwamen da yake yi musu zai ƙare nan da wata biyu. Injiniya tana koyar da kwamfuta da safe a wata makarantar kuɗi, kuma shekara uku ke nan albashinta yana hawa wannan bene ba ya saukowa. Mijinta ya daina tambaya. Wannan shirun nasa ya fi damunta fiye da tambayar.

Sau goma sha ɗaya suna neman tallafi, sau goma sha ɗaya ana ba su haƙuri. Wata gidauniya ta ce aikin ya yi ƙanƙanta, su dawo in ya kai ƙasa biyar. Wata ta ce su sa ƙirƙirarriyar basira a ciki, ko da kaɗan ce. Wata ta ce bana ta bar lafiya ta koma sauyin yanayi. Amma Darakta, da ya zauna ya jera wasiƙun a tebur yana bin su da jan biro, sai ya gano inda ciwon yake. Kowane fom yana da wata tambaya, yawanci ita ce ta tara: shin wannan aiki ya riga ya fara? Su kuma kullum, da alfaharinsu, suna amsa cewa e, shekara kaza ma. Ashe masu tausayin duniya haihuwa suke so, ba sa son reno. Abin da ke aiki ba ya ba su sha'awa, sai wanda ake sa ran zai yi aiki.

Fom na goma sha biyu Darakta ne ya cika shi, shi kaɗai. Bayan mako biyar ya shigo ɗakin baya da takarda a hannu, yana tafiya kamar wanda aka ce masa an haifa masa tagwaye.

"'Yar nan, tashi ki tsaya. Irin wannan labari ba a jin sa a zaune. Mutum ɗari huɗu suka nema, an tace saura shida. Muna ciki."

Ta karɓa ta karanta. Tallafin shekara biyu ne, wanda zai sayi sabuwar na'ura da batura da saƙonni, har da albashi. Ta koma ta zauna duk da umarninsa. Sai ta kai sakin layi na ƙarshe: gidauniya za ta turo jami'arta ta yi kwana uku a asibiti, domin ta auna da idonta irin wahalar da mutane ke sha wajen neman jini, tun da har yanzu babu wani tsari a garin.

"Kawu, me ka rubuta a tambaya ta tara?"

"Abin da ya dace."

"Cewa ka yi babu Tsohuwa?"

"Cewa na yi ba a fara ba. Wanda muke nema wa kuɗi ai ba a fara shi ba. Sunansa daban, har da tambari na sa an zana masa."

"Ga ta nan tana numfashi a gabanka."

"Tari take yi, ba numfashi ba." Ya jawo kujerar roba ya zauna, ya rage murya. "Kwana uku ne. A kashe ta, a sauke ta ƙasa cikin tayoyi, a shafe lambar nan ta bango. Baƙuwa ta zo ta ga buƙata, ta rubuta, ta tafi. Mu kunna abarmu."

"Shekara bakwai ba a taɓa kashe ta ba. Irin wannan faifai in ya kwanta ba lallai ya tashi ba."

"In ba a kashe ta kwana uku ba, nan da wata biyu za ta kashe kanta gaba ɗaya. Ke kika faɗa mini da bakinki. Ko akwai gidauniya ta goma sha uku da kika ɓoye a jakarki?"

Babu. Ta duba jerin sau ba adadi, kowace ƙofa sun ƙwanƙwasa. Ta kalli fankar Tsohuwa tana juyawa da ƙyar, ta ce, "Da sharaɗi. Zan karkatar da layin zuwa wayata, in buga rajistar a takarda. Abin da take yi, ni zan yi da hannu. Ba wanda zai kira a ƙi amsa masa."

"Ai da ma na san jinin yayata ba ya ƙarya," in ji Darakta, ya tashi da sauri kafin ta sake tunani.

Ranar jajibirin zuwan baƙuwar, Injiniya ta kwafe komai sau biyu, ta yi bisimilla ta danna maɓalli. Ɗakin ya yi wani irin shiru da ba ta taɓa ji a cikinsa ba. Mai tayoyi, wanda shi ma yana cikin rajistar, ya taimaka aka sauko da Tsohuwa cikin rigarta shuɗiya aka cusa a bayan tayoyin babbar mota. "Allah ya ba ta lafiya," ya ce, ba tare da an gane ko wasa yake ba. Darakta da kansa ya tafi asibiti da gwangwanin farin fenti, ya shafe lambar shafa biyu. Sista, babbar ma'aikaciyar ɗakin ajiyar jini, ta tsaya tana kallonsa hannu a ƙugu.

"Darakta, ni dai ban ga komai ba. Amma in aka tambaye ni rantsuwa, ba na yi."

"Ba wanda zai sa ki rantsuwa, Sista. Mutanen nan lissafi suke so."

Baƙuwar ta iso. Mace ce mai sanyin murya, da takalmi marar tsini da agogon auna gudu rataye a wuya, irin na masu horar da 'yan wasa. Ƙasa shida ta zaga a wata biyu, idonta ya nuna. Ba ta da girman kai ko kaɗan, abin da ya ƙara dagula wa Injiniya lissafi, don ta so ƙwarai ta samu abin ƙi a tare da ita. Tsarinta mai sauƙi ne. Za ta zauna a benci a ƙofar ɗakin ajiyar jini. Da an ce wa wani ya nemo jini ta danna agogo, da jinin ya samu ta sake dannawa.

Injiniya ta ɗauki hutun kwana uku a makaranta, ta tare a matakalar bene da rajista mai shafi casa'in a cinya da waya a caji. Waɗanda suka san lambar tun da can suka ci gaba da kira, waɗanda ba su sani ba kuwa Sista tana raɗa musu a kunne in baƙuwa ta sunkuya rubutu. Abin da Tsohuwa ke yi a daƙiƙa uku, ita sai ta bi layi da yatsa, ta kira mutum takwas kafin ɗaya ya ɗauka. Wani yana wanka, wani ya bar garin tun bara, wani ya ce wace ce ke, ina saƙon nan da muka saba da shi. Ranar farko mutum goma sha ɗaya ta samo wa jini. Rana ta biyu goma sha huɗu, muryarta ta dishe, kunnenta na dama ya yi zafi kamar an ɗora masa dutsen guga. Ba a taɓa yi wa Tsohuwa hidima da ta kai wannan ba: an nuna cewa mutum zai iya aikinta, in dai ya yarda ya daina cin abinci.

Da la'asar ɗin rana ta biyu baƙuwar ta hawo ofis ta sha shayi. Ta buɗe littafinta.

"Darakta, gara in faɗa muku gaskiya tun yanzu. Garinku ya ba ni mamaki. Yawancin mutane ba sa wuce minti hamsin. Inda na baro, awa tara ake yi. Na tambayi masu bayarwa yadda suka ji labari, kowa sai ya ce wata ce ta kira shi. Irin wannan zumunci ban taɓa gani ba."

"Haka muke, ranki ya daɗe," in ji Darakta da murmushin wanda aka taka wa yatsa a gaban surukai.

"Abin alfahari ne. Sai dai ban san abin da zan gaya wa kwamiti ba. Su shida ne ku, biyu za a bai wa. Ni kuma abin da agogo ya nuna shi nake rubutawa." Ta rufe littafin. "Saura gobe zuwa ƙarfe biyu. Mu gani."

Da ta sauka, Darakta ya rufe ƙofa. Bai zauna a kujerarsa mai juyawa ba, a gefen tebur ya ɗosana, ya cire tabarau. Ba tare da tabarau ba ya fi kama da mahaifiyarta.

"Kin ji abin da kika jawo mana."

Ta shiga tattara kofunan shayi.

"Ban ce kin yi laifi ba. Amma kin yi aikin da kyau har kin kashe mu. Rabin yini nake roƙo. Daga safe zuwa ƙarfe biyu, ki kife wayar nan."

"Kawu, jini ne fa. Ba takardar taro ba ce."

"Na san jini ne! Ni na ɗauko gawar ƙaninki daga bencin nan, ko kin manta? Ke kina can makaranta." Ya goge fuska da tafin hannu. "Na yi magana da Sista. Duk wanda abin ya zama na rai da mutuwa, haihuwa ko haɗari, za ta kira ki ta lambarta, ki yi abin da kika saba. Wanda likita ya ce zai kai yamma, ya kai yamma. Ba wanda zai mutu. Jira kawai za su yi, jiran da kowa ke yi a ko'ina."

"In na ƙi fa?"

"In kin ƙi, nan da wata biyu kowa zai yi wannan jiran, kullum, har da masu haihuwar. Kuma ba Sista, ba lamba, ba ke. Shekarata sittin da shida, 'yar nan. Na roƙi mutanen da suka girmi jikokina da kaɗan, na ce musu ranka ya daɗe. Ba ni da sauran ƙarya a cikina. Wannan ce ta ƙarshe."

Ta juya abin ta kowace fuska a hanyar gida, ta juya shi tana wanke kwanuka. Awa shida a gefe guda, shekaru a ɗaya gefen. Duk wanda ya yi makaranta ya san amsar, ita kuwa ta yi makaranta har ta wuce misali. Da safe ta hau ofis, ta ajiye rajistar a aljihun tebur, ta cire wa wayar ƙara, ta kife ta.

Wayar da aka kife ba ta yin shiru. Tana kaɗawa a kan katako, ta ɗan matsa gefe kamar ƙwaro. Kira na farko ta daure. Na biyu ma. Wajen ƙarfe tara saura ta kasa, ta ɗaga gefen wayar da ɗan yatsa ta leƙa.

Baban Auta.

Ta tura wa Sista saƙo. Amsa ta zo bayan minti goma: an kwantar da yarinyar, jininta ya sauka amma likita ya ce za ta kai yamma lafiya lau, an sa mata ruwa da maganin ciwo. Injiniya ta rubuta, ki gaya masa ya jira ƙarfe biyu. Sista ta amsa: matar nan tana manne da shi, ta danna agogo, ba hali.

Ta sake kife wayar. Ya sake kira. Ta tashi ta shiga ɗakin baya, inda babu komai sai wayoyin lantarki a zube da wani murabba'i mai tsabta a kan tebur. Daga can ma tana jin kaɗawar. Ta dawo ta ɗora littafi a kai. Ta sauka ƙasa ta tsaya cikin warin roba, mai tayoyi ya dube ta ya ce ko a kawo mata ruwa, ta girgiza kai ta koma sama. Sau biyu ta ɗauki wayar har yatsanta ya kai kan koren maɓallin amsawa. Duk sau biyun sai ta tuna ƙarar faifan nan, da wasiƙa mai ladabi, da mutum dubu huɗu a aljihun tebur. Likita ya ce za ta kai yamma. Ta riƙe wannan jimla kamar igiyar rijiya.

Sau goma sha huɗu ya kira. Daga ƙarfe goma sha ɗaya ya daina, wannan kuwa ya fi kiran muni.

Ƙarfe biyu daidai ta fizgo rajista, ta fara da shi. Ya ɗauka a bugu na farko, muryarsa a gajiye amma a natse.

"Injiniya? Allah sarki. An samu, an samu. Ana ma sa mata yanzu. Allah ya rufa asiri."

Ta kifa kai a tebur ta yi hamdala har sau nawa ba ta sani ba. Sannan ta bi sauran mutum biyar da ke jira, kafin la'asar ta sallame su duka. Ba wanda ya mutu. Lissafin ya fita daidai, kamar yadda Kawu ya ce.

Darakta ya dawo daga raka baƙuwa. Ya shigo yana magana tun daga matakala, amma da ya zo ƙofa idonsa yana kan takardun shaidarsa na bango.

"An gama. Ta ga buƙata. Mutum shida, ba wanda ya gaza awa huɗu. Akwai wanda ya yi awa biyar da minti goma, shi ta bi tun daga farko har ƙarshe. Har ƙwalla ta yi. Ta ce labarinsa kaɗai ya isa kwamiti."

"Telan?"

"Shi."

"Wa ya ba shi jinin? Ban tura kowa ba."

Darakta ya gyara wata takarda da ba ta karkace ba. "Kin san 'yan bakin ƙofar nan."

Ta san su. Wasu maza ne da ke zama a inuwar katangar asibiti, masu sayar da jinin jikinsu ga wanda ido ya rufe wa. Kafin Tsohuwa su ne kasuwar. Shekara bakwai suna zaginta, suna zaman banza. Rukunin jinin Auta kuwa ba kowa ke da shi ba, kuma sun san haka.

"Da me ya biya su, Kawu?"

"Ya fita ya dawo."

"Da me?"

"Kekensa na ɗinki. Wai akwai mai sayen tsofaffin kaya a bayan layinsu." Ya mai da tabarau. "Ni ban ce ya sayar ba. Likita ya ce za ta kai yamma."

Haka ne, likita ya faɗa. Ya faɗa wa Sista, Sista ta faɗa wa Injiniya, Darakta ma ya sani. Mutum huɗu masu ilimi sun san yarinyar za ta kai yamma. Uban ne kaɗai ba a gaya wa ba.

Kafin magariba aka hau da Tsohuwa. Dannawa ta farko ba ta motsa ba. Ta biyu ta yi gurnani ta mutu. A ta uku faifan ya yi ƙarar tsakuwarsa, fanka ta juya, ta ci gaba da aiki kamar ba a yi mata komai ba. Washegari Injiniya ta tafi wurin mai sayen tsofaffin kaya. Ya ce ai keken nan bai kwana ba, irinsa na ƙarfe zalla yanzu ba a samu, wani daga wani gari ya ɗauke.

Bayan mako shida wasiƙa ta zo. Sun samu. Darakta ya sa an yi mata gilashi, ta zama ta goma sha biyar a bango. A shafin farko na sanarwar gidauniyar akwai labarin wani uba da ya sayar da abin sana'arsa domin ya ceci 'yarsa, a garin da babu tsarin neman jini, da alkawarin cewa da wannan sabon aiki irin haka ba za ta sake faruwa ba. Injiniya ta karanta sharuɗɗan har ƙarshe tana neman wata kafa. Sharaɗi na huɗu ya hana gyaran tsofaffin kayan aiki. Na bakwai ya hana bai wa ɗaiɗaikun mutane taimako kowane iri.

"Babu gurbinsa, 'yar nan," in ji Darakta. "Suna bin kowace takarda. In muka taɓa, sai su karɓe duka." A wani taro da aka gayyace shi a watan, ya sake faɗin aƙidarsa game da iya cika fom. Wannan karon har tsaye aka tashi.

Ranar wata Asabar da hantsi ta tafi shagon telan. Ta shirya maganarta tun daga gida: za ta ce masa wayar tana gabanta, ta ga sunansa sau goma sha huɗu. Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai aski da mai gyaran takalmi. Yana zaune a kan benci kusa da ƙofa inda haske ya fi, da wando a cinya yana kama masa ƙafa da allura. A tsakiyar ɗakin, a kan siminti, ƙafafun keken sun bar tabo huɗu masu tsatsa. Bai ɗora komai a wurin ba.

"A'a, Injiniya da kanta! Shigo, shigo. Yi haƙuri da wurin."

Ta tambayi jikin Auta. Ya ce ta koma makaranta, har ta fara rashin ji. Ta tambayi aiki. Ya ce alhamdulillahi, wani abokin sana'a a can gaba yana ba shi aron kekensa in ya tafi cin abincin rana, sauran kuma hannu yana yi. Masu manyan ɗinki sun ɗan koma wani wuri, amma masu gyara suna zuwa.

"Baban Auta, ranar nan da ka yi ta kira..."

"Kar ki ce komai, don Allah." Ya ɗaga hannun da ke riƙe da allurar. "Na'ura ce. Ni da nake zaune da ƙarfe shekara ashirin na san halinsa. Shekara bakwai ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai don rana ɗaya in zo ina ƙorafi? Ni dai da na ga an shafe lambar a bango, ga waya ba a ɗauka, sai na ce shi ke nan, Tsohuwa ta tafi. Shi ya sa ban tsaya jira ba. Da na san gyara ake yi, da na daure."

Maganar da ta shirya ba ita ta fito ba. Abin da ya fito shi ne, "Zan nemo maka wani keken. Ba yanzu ba, amma zan nemo."

"Ke? Ke da kike ta ɗawainiya da mu tun yarinyar nan tana goye? Wallahi in kika kawo sai na mayar. Ki bar ni da kunyar da nake ji ma." Ya ciji zare ya tsinke. "Sista ta ce mini an ba ku tallafi, za a kawo sabuwa. Na ce to, Allah ya ga zuciyarku. Ai gara da aka samu masu tausayi."

Ya miƙa hannu ya ɗauko awo daga ƙusa, ya rataya a wuya.

"Ita sabuwar, yaya girmanta? Kar a bar ta tsirara, ƙura ce ke cinye su."

Injiniya ta ware hannuwanta ta nuna, kamar haka, tsayi kuma kamar haka. Ya auna tsakanin tafukanta da kyau, ya rubuta da alli a jikin bango. Ya ce akwai ragowar shuɗin yadin nan a ƙasan akwati, sai dai ta yi haƙuri, da hannu zai ɗan ɗauki lokaci. Sannan ya juya wajen haske, ya lashi bakin zare, ya shiga neman kafar allura.